Malam Aminu Kano: Siyasar da ta faro daga sabulu da bargon makarantar kwana

Wata rana a cikin shekarun da Malam Aminu Kano ya yi yana koyarwa a Makarantar Midil ta Bauchi, tsakanin 1942 da 1946, ɗaliban makarantar suka fice kwansu da kwarkwatarsu, suka kama hanyar Maiduguri a ƙasa. Kokensu a fili yake: ba a ba su tufafin makaranta ba, babu barguna, an riƙe musu kuɗin kashewa, abinci kuma ya lalace. Sarkin Bauchi da kansa ya bi sawunsu, tare da wani malami matashi da bai kai shekara talatin ba. Yaran ba su yarda sun juyo ba sai da malamin nan ya ba su tabbacin za a duba kukansu. Da aka yi bincike, sai aka tarar gaskiya suka faɗa.

Malamin ya san abin da ke ransu, domin shi ma kimanin shekara goma kafin nan ya jagoranci irin wannan bore a Midil ta Kano. Yawancin masu ambaton Malam Aminu a yau daga NEPU suke fara labarinsa, su dire a PRP. Amma shekara ashirin da ya yi a cikin makarantu, daga 1930 zuwa 1950, farko yana ɗalibi daga baya yana malami, su ne suka koya masa yadda ake tara jama'a a kan ƙaramin haƙƙi, da yadda ake fuskantar hukuma ba tare da an ɗaga sanda ba. Shekara shida daga cikin ashirin ɗin a ƙarƙashin Yaƙin Duniya na Biyu suka kasance.

Daga Sudawa zuwa Midil

An haifi Aminu ranar 9 ga Agusta, 1920, a unguwar Sudawa cikin birnin Kano. Mahaifinsa, Malam Yusufu, masani ne daga zuriyar Fulanin Gyanawa da suka shahara da ilimin shari'a, ya kuma yi aikin mufti a kotun alƙali. Mahaifiyarsa, Rakiya, ita ta fara ɗora shi a kan karatun allo, ta rasu yana da kimanin shekara shida. A 1930 aka sa shi a makarantar elemantare ta Shahuci, a 1933 kuma ya wuce Midil ta Kano, wadda ita ce Kwalejin Rumfa ta yanzu.

Makarantun Midil a lokacin su ne matakin ilimin boko mafi girma da ake samu a cikin lardi. Akwai a Kano, da Katsina, da Sakkwato, da Zariya, da Bauchi, da Maiduguri da sauran manyan garuruwan larduna. Na maza ne, kuma na kwana. En'e ke ɗaukar nauyinsu daga baitulmali, wato daga harajin talakawa da jangalin makiyaya, Turawan ilimi kuma su sa ido. Abin da ake nema daga gare su a bayyane yake: a samar wa En'e da gwamnati malaman ofis, da malaman makaranta, da ma'aikatan asibiti, da na gona da na daji. Ba a gina su don su haifar da masu tambaya ba.

Rayuwar ɗalibi a cikinsu ƙararrawa ke tafiyar da ita. A tashi da asuba a yi salla, a share harabar kwana, a yi motsa jiki a fili, sannan a shiga aji. Ana koyar da Turanci da lissafi da tarihi da labarin ƙasa, ana kuma koyar da Larabci da addini don hankalin iyaye da sarakuna ya kwanta. Akwai sa'o'in sana'ar hannu da na gonar makaranta. Da la'asar a fita wasanni: ƙwallon ƙafa, da guje-guje, da wasan nan na buga ƙwallo da tafin hannu a jikin bango, wanda Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello ya riƙe har ƙarshen rayuwarsa. Manyan ɗalibai ke lura da ƙanana, bulala kuma ba baƙuwa ba ce.

Wani abu guda ya bambanta wannan rayuwa da ta gida. Duk abin da yaro zai ci, ko ya sa, ko ya lulluɓa da shi, daga hannun hukuma yake fitowa, kuma da ƙa'ida: riga kaza, sabulu kaza, kuɗi kaza. A gidan ubansa yaro ba ya ƙirga abin da aka ba shi. A makarantar kwana kuwa ya san rabonsa, ya kuma san ranar da ya kamata ya zo. In bai zo ba, to akwai inda ya maƙale. Ta haka yaran da aka tara don a koya musu biyayya suka koyi bin diddigi.

Boren da Aminu ya jagoranta a Midil ta Kano a kan irin waɗannan abubuwa ne: ƙarancin sabulu, da rashin kyan abinci, da yawan takura, da tsananin horo. Ana lissafa shi cikin boren ɗalibai na farko-farko a Nijeriya. A Kano ta wancan zamani, inda talaka ke cire takalmi ya durƙusa idan basarake zai wuce, yaro ɗan shekara goma sha wani abu ya tara 'yan'uwansa su ce ba su yarda ba, ba ƙaramin al'amari ba ne.

Kwaleji a garin soja

A 1937 Aminu ya sami shiga babbar kwalejin Arewa, wadda aka kafa a Katsina a 1921, aka ɗauke ta zuwa Kaduna a 1938. Ita ce daga baya ta koma Zariya a 1949, ta zama Kwalejin Barewa. Shugabanta a shekarun Kaduna wani Bature ne, E. L. Mort, wanda har yau akwai gidan kwana mai sunansa a Barewa. Ɗalibai kaɗan ake ɗauka, zaɓaɓɓu daga Midil-Midil na larduna. A nan Bakano ke kwana ɗaki ɗaya da Basakkwace da Babarbare da Banufe da ɗan Ilori. Kafin wannan kwaleji, da wuya a sami wani wuri da ke tara samarin Arewa daga kowace kusurwa su zauna shekaru tare. Tunanin cewa Arewa ƙasa ɗaya ce mai matsala iri ɗaya, a irin waɗannan ɗakunan kwana ya yi jijiya.

Aminu na cikin shekararsa ta uku aka fara yaƙi, a watan Satumba na 1939. Kaduna hedikwatar gwamnatin Arewa ce, garin soja ne, kuma mahaɗar jiragen ƙasa. Ɗalibai na ganin kurata ana horar da su, suna ganin taragu cike da samari. Sojojin Nijeriya sun tafi gabashin Afirka sun yaƙi Italiya a Habasha, daga baya aka kwashe su zuwa Bama don fuskantar Japan. Da Faransa ta faɗi a hannun Jamus a watan Yunin 1940, Nijar ta koma ƙarƙashin gwamnatin Vichy mai ɗasawa da Hitila, sai iyakar Sakkwato da Katsina da Kano ta zama iyakar da ake tsaro, har zuwa ƙarshen 1942. Filin jirgin sama na Kano ya zama zango ga jiragen yaƙin da ake haɗawa a Takoradi ana tura su Masar. A kasuwa gishiri ya yi wuya, yadi da kananzir suka yi tsada, hukuma kuma ta matsa a noma gyaɗa.

Labarin duk wannan yana shigowa makaranta ta takarda. A watan Janairun 1939 aka fara buga *Gaskiya Ta Fi Kwabo* a Zariya, Abubakar Imam na editanta, ta zama hanyar da mai karanta boko ke bin yaƙin da harshensa. Daga Ikko kuma *West African Pilot* ta Nnamdi Azikiwe, wadda aka kafa a 1937, tana haurowa Arewa da wata irin murya dabam. Turawa na shelar cewa don 'yanci suke yaƙar Hitila. A watan Agustan 1941 Churchill da Roosevelt suka fitar da sanarwar Atlantika, wadda ta ambaci haƙƙin kowace al'umma ta zaɓi irin mulkin da take so. Ɗalibin da aka koya wa Turanci sosai, aka kuma horar da shi a ƙungiyar muhawara, ba ya bukatar a nuna masa saɓanin da ke tsakanin wannan magana da halin da ƙasarsa take ciki.

Aminu ya sami makaminsa a wasan kwaikwayo. A shekarun nan ya shirya wasanni da Hausa, waɗanda aka fi tunawa da su su ne *Kai Wane Ne a Kasuwar Kano da Ba Za a Cuce Ka Ba?* da *Ƙarya Fure Take Ba Ta 'Ya'ya*. Na farkon ya nuna yadda 'yan kasuwar birni ke damfarar mutanen ƙauye. Wasa na da fa'idar da wa'azi ko takarda ba su da ita a wancan lokaci. Ana iya sa yaro ya naɗa rawani ya kwaikwayi mai mulki, jama'a su yi dariya, kowa ya gane wanda ake nufi, amma ba a kama sunan kowa ba. Hukumar makaranta na ɗaukar abin a matsayin nishaɗin ɗalibai. A farkon shekarun 1940 kuma ya rubuta wata ƙasida da Turanci wadda ta kwatanta mulkin En'e ta Kano da guduma a kan jama'a. A nan kam ya ajiye zaurance.

A 1941 wani yaro daga Midil ta Sakkwato, Shehu Shagari, ya shigo kwalejin, ya tarar da Aminu cikin manya. Shagari ya gama a 1944, ya koma Sakkwato yana koyar da kimiyya a Midil ɗin da ta yaye shi, inda Ahmadu Bello ya koyar daga 1931 zuwa 1934. Shi ma bai daɗe da komawa ba ya shiga kafa ƙungiyar samari ta tattaunawa a cikin birnin. Abin da aka saba da shi a kwaleji, na zama a yi muhawara bisa tsari, da shugaba da sakatare da littafin rubuta bayanin taro, shi tsofaffin ɗalibai suka kwasa zuwa garuruwansu.

Bauchi: malami da ɗalibansa

Aminu ya gama kwaleji a 1942, aka tura shi Bauchi. A Midil ta can ya tarar da Abubakar Tafawa Balewa, wanda ya girme shi da shekara takwas, cikin manyan malamai. A gari kuma akwai Sa'adu Zungur, ɗan Arewa na farko da ya yi karatu a babbar kwalejin Yaba, wanda rashin lafiya ya dawo da shi gida daga Zariya. Sa'adu malami ne na addini da na boko, mawaƙi, mai kaifin harshe. A wurinsa Aminu ya ƙara gogewa wajen kafa hujja da Alƙur'ani da tarihin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a kan zaluncin masu mulki, ta yadda ba za a ce ra'ayinsa baƙo ne daga Turai ba.

A cikin makaranta, sabon malamin ya ƙi tsayawa a bakin allo. Bayan an tashi daga aji yakan tara yara a shirya wasan kwaikwayo. Ya riƙa haɗa musu darasi cikin waƙa don ya zauna a ka. Ya shiga harkar ƙungiyoyin ɗalibai, ta muhawara da ta wasan kwaikwayo da ta kimiyya, ya kuma riƙe harkar sikawut hannu bibbiyu. Gidansa a buɗe yake ga ɗalibai, a zamanin da tazara tsakanin malami da yaro ke cikin abin da ake kira tarbiyya. Wannan kusanci bai yi wa hukumar makaranta da wasu abokan aikinsa daɗi ba. Amma shi ne dalilin da ya sa ranar da yara suka kama hanyar Maiduguri, maganarsa ce ta dawo da su.

A wajen katangar makaranta yaƙi na cin talaka. Bayan Japan ta ƙwace Malaya a farkon 1942, Ingila ta rasa babbar hanyarta ta samun kuza, sai ta juyo kan ma'adinan Jos. Daga 1942 zuwa 1944 aka yi ta kwasar mutane daga larduna ana kai su haƙar kuza a kan tilas, abin da jama'a suka sa wa suna ɗiban gwamna. Ta hannun hakimai da dagatai ake cika adadin da aka yanka wa kowace ƙasa. Sanyin tsaunin Jos da ƙarancin abinci da cuta sun kashe da dama. A 1943 Aminu da Sa'adu da wasu 'yan boko suka kafa ƙungiyar neman ci gaban Bauchi, kuma da sunanta aka aika wa *West African Pilot* rubutun da ya tona yadda ake wannan kwasa.

Turawan mulki suka zaɓi su jawo masu ƙorafin kusa. Aka kafa majalisar taɗi ta Bauchi, inda ma'aikatan En'e da malamai da Turawa ke zama a tattauna al'amuran yau da kullum, Aminu na sakatare. Shi ke tsara batutuwa, shi ke aika takardun gayyata. Sannu a hankali muhawara ta tashi daga abubuwan da ba su da haɗari ta kai ga tsarin mulkin En'e kansa. Da tambaya ta kai ga yadda ake yanke albashin sarki, sai aka rufe majalisar.

Ba a Arewa kaɗai ɗakin kwanan ɗalibai ya zama fagen siyasa ba. A Ikko soja sun karɓe gidajen kwanan King's College, aka mayar da yara wani masauki marar kyau a cikin gari. A 1944 suka yi bore, aka gurfanar da da yawa a kotu, aka kuma tura takwas aikin soja a kan dole. Fushin da wannan ya tayar na cikin abin da ya kai ga kafa jam'iyyar NCNC a watan Agustan shekarar. Yaran Bauchi da na Ikko ba su san juna ba, amma kukansu iri ɗaya ne: wurin kwana, da abinci, da mutunci.

Landan, sannan Maru

A 1946 aka ba Aminu gurbin karatu a Cibiyar Nazarin Ilimi ta Jami'ar Landan. Ya tarar da Ingila a hannun jam'iyyar Leba, ƙasar da ta ci yaƙi amma ana rabon abinci da kati. Ya yi cuɗanya da 'yan siyasa masu ra'ayin gurguzu, ya karanta yadda Gandhi ya yi gwagwarmaya ba da makami ba. A can shi da wasu malaman Arewa suka fara shirin ƙungiyar malaman makaranta, wadda ta tsaya da ƙafarta a 1948 bayan sun dawo gida, ta zama ɗaya daga cikin ƙungiyoyin farko da suka haɗa 'yan bokon Arewa baki ɗaya.

Da ya dawo Bauchi bakinsa bai mutu ba, sai aka ɗauke shi aka kai Maru, a Lardin Sakkwato na wancan lokaci, ya shugabanci kwalejin horon malamai. Cikin waɗanda suka koyar tare da shi a can akwai Malam Abubakar Gumi. Maru ƙaramin gari ne, nesa da jarida da taron 'yan boko, a ƙasar da ikon Sarkin Musulmi ya fi ƙarfi. Nisan bai sa ya yi shiru ba. Daga can ya ci gaba da harkar ƙungiyar malamai da ta Jam'iyyar Mutanen Arewa, wadda a lokacin ƙungiyar al'adu ce. Ranar 8 ga Agusta, 1950, wasu samari takwas suka kafa NEPU a Kano. Kafin shekarar ta ƙare Aminu ya ajiye aikin koyarwa ya koma gida, a 1953 kuma ya zama shugaban jam'iyyar.

Sauran labarin sananne ne. 'Yan NEPU sun sha ɗauri da bulala a kotunan alƙalai. Aminu ya sha kaye a zaɓen 1954 a hannun Maitama Sule, ya ci kujerar Kano ta Gabas a majalisar tarayya a 1959. A gwamnatin Janar Yakubu Gowon ya riƙe ma'aikatar sadarwa daga 1967, sannan ta lafiya daga 1971 zuwa 1974. Ya daɗe yana neman a ba matan Arewa damar jefa ƙuri'a tun ana ganin abin kamar saɓo, ya kuma ga sun jefa a zaɓen 1979. A wannan zaɓe, uku daga cikin 'yan takarar shugaban ƙasa biyar tsofaffin ɗaliban Kwalejin Kaduna ne: Shehu Shagari na NPN, da Waziri Ibrahim na GNPP, da Aminu Kano na PRP. Shagari ya yi nasara, Aminu ya zo na huɗu. PRP ta ci gwamnonin Kano da Kaduna, gwamnatocin Abubakar Rimi da Balarabe Musa kuma suka soke haraji da jangali, kuɗin da aka ciyar da Aminu da su a Midil, aka kuma ɗaure talakawa da yawa a kansu.

Ya rasu ranar 17 ga Afrilu, 1983, a gidansa na Gwammaja, wanda yanzu ake kira Gidan Mambayya, cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ta Jami'ar Bayero. Har ya bar duniya Malam ake ce masa, kuma salon siyasarsa na malamin makarantar kwana ne: ya zauna da mutane, ya sauƙaƙa magana, ya sa dariya a cikinta, ya koya wa talaka sanin abin da doka ta ce nasa ne.

Makarantun da suka yi wannan aiki yau suna cikin wani yaƙin. An sace ɗaruruwan yara maza a Ƙanƙara a watan Disambar 2020, aka sace 'yan mata a Jangebe a Fabrairun 2021, aka kuma shiga kwalejin tarayya ta Birnin Yawuri a watan Yunin shekarar. Bayan haka gwamnatocin jihohin Arewa maso Yamma sun rufe makarantun kwana da dama, wasu aka mayar da su na jeka-ka-dawo. Maru, inda Malam ya yi aikinsa na ƙarshe na koyarwa, tana cikin yankunan Zamfara da 'yan bindiga suka fi addaba. A makarantun da suka rage a buɗe, a Sakkwato da Gusau da Katsina, har yanzu ana ware kuɗin ciyar da ɗalibai a kasafin kowace shekara, har yanzu kuma akwai yaran da suka san adadin abin da ya kamata ya iso kwanonsu, suna lura da ranar da bai iso ba.